Yarinyar da Ba a Ganin Hannunta

Duk wanda ya taɓa kai bidiyon aure ko na jana'iza shagon Oga Datti da ke Tudun Wada ya san Klaudiya Badung, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar da ke zama can ƙurya gaban kwamfuta, ta ba ƙofa baya, da rigar sanyi ruwan toka ko ana rana ko ana ruwa. Ka gaishe ta, za ta amsa. Ka yi mata barkwanci, za ta jira ka gama dariyarka kai kaɗai, sannan ta tambaye ka yaushe kake son aikinka. Sana'arta yanka ce. A kawo mata bidiyon biki na yini guda, ta cire inda amarya ta yi hamma, ta cire kawun ango da ya sha ya faɗa kan kujeru, ta cire rigimar rabon shinkafa, ta miƙo maka wani biki mai tsabta wanda ba a taɓa yin irinsa a Jos ba. Mutane suna yabon aikinta. Ita kuwa yabo da zagi duk ɗaya suke a wurinta, ta daɗe da daina jin bambancinsu.

A Daɗin Kowa aka haife ta, ita ce auta, su biyu ne kacal da wanta Chuwang. Ubansu, Baba Badung, ya yi leburancin kuza yana saurayi, da harkar kuza ta mutu ya koma mai kula da furanni a gidajen manya a Rayfield. Mutum ne da ba ya kallon fuska, hannu yake kallo. In aka kawo masa baƙo sai ya riƙe hannunsa ya jujjuya, bayan ya tafi ya ce wannan maƙaryaci ne, ko ya ce wannan ya san wahala. Matarsa ta sha yi masa faɗa a kan wannan hali, bai fasa ba.

Hannun Klaudiya kuwa ya fi kowa saninsa, don shi ya ɓata shi. Tana 'yar firamare yakan ɗora ta a bayan kekensa ya sauke ta a makaranta kafin ya wuce aiki. Wata safiya takalminta ya saɓule, ta sunkuya za ta kama, sarƙar keken ta ja ƙaramin yatsanta na hagu. An ɗinke, ya warke, amma a karkace ya warke, farcen ma bai sake fitowa daidai ba. Baba Badung ya jingine keken nan a bayan ɗaki, ya koma zuwa Rayfield a ƙafa. Shekara da shekaru in suna zaune sai ya kamo yatsan ya shafa, bai taɓa cewa komai ba, ita ma ba ta ce ba. Harshensa bai iya faɗin Klaudiya ba, sunan da Fada ya zaɓa mata ranar baftisma, saboda haka Kuladi yake ce mata. Duk duniya shi kaɗai ke kiranta haka.

Sauran tarihinta ba shi da tsawo. Ta gama sakandare, ta yi kwas ɗin kwamfuta, ta sami wuri a shagon Oga Datti. Uwarsu ta rasu. Chuwang ya sami aiki a Abuja ya yi aure can. Akwai wani Natana'el, malamin makaranta, da ya yi ta zarya yana zama a barandarsu yana shan shayi har ya gaji, don duk sanda ya ɗauko maganar aure sai ta ce wa zai zauna da Baba. A ƙarshe ya auri wata mai waƙa a cocinsu. Bidiyon auren shagon Oga Datti aka kawo, kuma ita ta gyara shi. Ta hango kanta a layin baya tana cin shinkafa, ta yanke wurin, ta ci gaba da aiki.

Mantuwa ta zo wa Baba Badung a hankali. Ta fara da makulli, ta koma hanyar coci, ta kai ga sunayen maƙwabta. Sai wata rana Klaudiya ta dawo daga aiki, ya miƙe tsaye ya ba ta kujera.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah," ya ce. "Wa kike nema?"

Ta ɗauka wasa ne. Da ta ga ba wasa ba ne ta durƙusa ta miƙa masa hannun hagu, ta ce ya duba. Ya kau da kai yana jin kunya, ya ce shi dattijo ne mai iyali, bai dace ya kama hannun matar mutane ba. Ta sake gwadawa washegari, ta gwada a wani makon, kullum haka. Shi Kuladinsa 'yar makaranta ce mai askakken kai, ina ruwansa da hannun wata babbar mace.

Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya komawa baya. Da zaginta yake yi da abin ya zo da sauƙi, amma ladabi yake yi mata. Ta dama masa kunun acca ya ce Allah ya saka. Ta wanke masa ƙafa ya ce ta gaida mutanen gidansu. Da rana ta karkata ya leƙa ƙofa ya ce, "Kuladi ba ta taso daga makaranta ba?" ta ce, "Tana hanya, Baba." Da fari takan shiga banɗaki ta yi kuka. Daga baya kukan ya ƙare, ba don ta haƙura ba, kawai dai ya ƙare, zuciyar ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Abu ɗaya ne bai mutu a cikinta ba: tana so ya dube ta ya kira sunanta, ko sau ɗaya ne, kafin ya tafi.

Da rana Hassana tela, maƙwabciyarsu, takan fito da kekenta na ɗinki baranda inda za ta riƙa ganinsa. Da yamma Klaudiya ta karɓa. Haka rayuwar ta tsaya.

Gem kuwa, wato wasan waya, a layin asibiti ta same shi. Zaman jira ya ishe ta, ta sauke wani wasan harbe-harbe a waya, irin wanda ake jefa mutane da yawa a fili su yi ta kashe juna har mutum ɗaya ya rage. Cikin mutanen wasan ta zaɓi wata yarinya mai gajeren gashi da jaket kore. Harbin bai dame ta ba. Kowa na gudu yana neman makami, ita tana yawo tana kallon gari. A bayan wani tudu ta tarar da duwatsu a ɗore kan juna kamar na hanyar Rayfield, da wani tafki, da gidan kwano ba kowa a ciki. Ta tsaya tana kallo, wani ya zo ya bindige ta ta baya. Ta sake shiga, ta koma wurin.

Ba a daɗe ba ta gano akwai jama'a a intanet da ke ɗaukar waɗannan mutanen gem a bidiyo, su yanyanka, su sa waƙa da murya, su mayar da su labari. Yawanci soyayya ce da ramuwar gayya, wane ya ci amanar wance sai harbi ya tashi. Klaudiya ta kalli kaɗan ta ce yankan bai yi ba. Ta fara nata. Yarinyar mai jaket kore ta zama Yael, 'yar mai sayar da dankali, wadda aka tashi makaranta tana hanyar komawa gida. Labarin ke nan gaba ɗaya. Yael tana tafiya, ta tsaya bakin tafki, ta yi magana da kanta a kan abin da malami ya ce da abin da za a dafa da dare, ta ci gaba da tafiya. Muryar ta Klaudiya ce, sai dai takan ɗaga ta kaɗan a manhaja ta koma ta yarinya.

Wahalar aikin biyu ce. Ta farko, filin yaƙi ne, kuma ita tsayuwa take so a yi. Allah kaɗai ya san sau nawa aka kashe Yael tana tsaye tana jiran faɗuwar rana. Wasu 'yan gem har sun gane ta, in sun hango jaket kore a tsaye kan dutse sai su yi rige-rigen zuwa. Ta biyu, mutanen wasan ba sa tafiya hannu sake, ko bindiga ko wuƙa ko dunƙulallen hannu na shirin naushi. 'Yar mai dankali kuwa ba ta da abin yi da bindiga. Sai Klaudiya ta yi abin da ta iya: ta matso da hoton, ta yanke shi daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. A duk bidiyoyinta ba inda ake ganin hannun Yael.

Ta sami masu kallo daidai gwargwado, 'yan Jos da na wasu garuruwa. Wani ya rubuta mata, "Anti, yarinyan nan ba shi da hannu ne?" Wata ta ce, "Abeg yaushe zai kai gida, mun gaji." Klaudiya ba ta amsawa. Ita ma ba ta san ranar da Yael za ta kai gida ba.

Wata Lahadi bayan an taso coci suna zaune a baranda, tana duba wani sabon yanka kafin ta ɗora a intanet. Muryar Yael ta fito tana cewa yau malamin lissafi bai zo ba.

"Kuladi?" in ji Baba Badung.

Wayar ta kusa faɗuwa daga hannunta. Shekaru rabon da ta ji sunan a matsayin kira. Ta juyo, bakinta har ya buɗe za ta amsa. Ba ita yake kallo ba. Ya sunkuyo da kansa kan wayar, fuskarsa ta washe.

"Ke ja'ira, ina kika tsaya? Wa ya ba ki rigan nan?"

Yael ba ta saurare shi ba, ta ci gaba da zancen malamin lissafi. Ya yi ta mata magana har bidiyon ya ƙare, sannan ya ɗago ya dubi Klaudiya cikin girmamawa.

"Baiwar Allah, 'yata ce. Don Allah a sake kira min ita."

Ta sake kunnawa. Ba ta ji daɗi ba, ba ta kuma ji ciwo ba. Ta lura dai cewa yarinyar tana katse shi in yana magana, kuma wannan kuskuren yanka ne.

Daga ranar aikin ya canja. Ta fara barin gurbi a cikin bidiyon. Yael ta ce, "Baba, ka ci abinci?" sai shiru, tana tsaye iska na kaɗa jaket ɗinta, daidai tsawon da zai ɗauka ya ce ya ci, wata baiwar Allah ta ba shi. Sannan ta ce, "To ka sha magani," sai wani shirun, mai ɗan tsawo, don a nan yakan yi gardama. Klaudiya ta san numfashinsa, ta san inda yake tari, ta san in ya fara zancen furannin gidan wani Bature sai an ba shi fili. Duk ta auna ta yanka. Ya koma cin abinci sosai. Maganin da yake tofarwa ya koma haɗiyewa, tunda Kuladi ce ta ce. Masu kallo kuwa suka watse, wa zai zauna yana ƙona data a kan yarinyar da ke tambayar iska ko ta ci abinci. Ba ta ko duba nawa suka rage ba.

Cikin damina Chuwang ya kira.

"Klaudiya, ki bari in zo in ɗauke shi. Mun gyara ɗaki, za mu samo mai kula da shi. Ke ma ki huta, ki yi rayuwanki."

"Nan ya sani, Yaya."

"Me ya sani? Ke kanki bai san ki ba. Ko wa ya ba shi abinci ɗaya ne a wurinshi, ki yi haƙuri da magana na."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba da mugunta ya faɗa ba. Ta ce ya ba ta zuwa ƙarshen damina. In har ruwa ya ɗauke Baba bai gane ta ba, ya zo.

Ba a yi nisa ba sai Baba Badung ya fara tsarguwa. Tsohon hali ba ya mantuwa. Yana kallon Yael wata rana ya karkata kai, ya leƙa ƙasan wayar kamar zai hango abin da aka yanke.

"Kuladi, ina hannunki?"

Ba a bar gurbin wannan tambaya ba, Yael ta wuce zancen magani. Washegari ya sake tambaya. Rana ta uku ya ture wayar, ya ce da Klaudiya a hankali, kamar mai tona asiri, "Yarinyan nan yana ɓoye hannu. Anya Kuladi ne?" Ranar bai sha magani ba.

Klaudiya ta yini tana tunani a gaban kwamfutar shago. Yael ba ta da hannun da za a nuna, ko an nuna ma na roba ne mai riƙe da bindiga. Hannun da yake nema yana nan kan tebur kusa da linzamin kwamfuta. Sai wani tunani ya biyo baya, ya sa ƙirjinta ya buga irin bugun da ta manta da shi. Hannun baƙuwa ne yake ƙin kallo. Na Kuladi zai kalla, zai kalla da kyau. In ya ga yatsan a cikin wayar, ga kuma yatsan nan a gefen wayar yana riƙe da ita, tsakaninsu bai kai faɗin tafi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta hannu ba zai kasa haɗa biyun ba.

Hassana ta samo ƙyalle kore ta ɗinka hannun riga guda ɗaya irin na jaket ɗin Yael, har da maɓalli. Oga Datti da kansa ya riƙe kyamara bayan mutane sun ragu a shago.

"Hannu kawai zan ɗauka?" ya tambaya.

"Hannu kawai, Oga. Kada fuska ta fito."

Ya ɗauka tana juya shi, tafi da baya, irin juyin da Baba ke yi wa na baƙi. Da ya sauke kyamarar ya ce, "Allah ya sa a dace, 'yar Baba." Ta ce amin, ta cire hannun rigar ta ninke. Ta yi kwanaki tana daidaita haske da launi har fatarta ta zauna da hoton gem ɗin, ba mai cewa daga wurare biyu aka ɗauko. A duk abin da ta taɓa yankawa ba wanda ya kai wannan kyau.

Ranar Asabar da safe an yi ruwa an ɗauke, garin ya yi sanyi. Ta sa masa hula da rigar sanyi, ta zaunar da shi a baranda, ta zauna a gefensa na dama. Ta riƙe wayar da hannun hagu, ta ɗora ƙaramin yatsan a bakin gilashin inda ba yadda za a yi ido ya tsallake shi. Ta kunna.

Yael tana tsaye bakin tafki. "Baba, ka ce in nuna maka hannuna," ta ce. "Ga shi."

Hannun ya cika fuskar wayar. Ya juya a hankali, yatsan ya fito a karkace da guntun farcensa. Gurbin da ta bari a nan ya fi kowanne tsawo. Baba Badung ya ƙura masa ido. Can ya kai ɗan yatsansa ya shafa gilashin.

"Ni ne," ya ce. "Da na tsaya da kika ce takalmi. Na ji ki, ban tsaya ba, ina sauri kar Bature ya yi faɗa. Ki yafe mini, Kuladi."

Ba ta taɓa sanin ya ji ta ba. Ta yi tsammanin zai ce sannu, ko ya ce laifinsa ne, kuma a kan haka ta naɗi amsa. Amsar ta shigo a kan lokaci.

"Ya warke tuntuni, Baba. Ba ya ciwo."

Hawaye ya gangaro masa. Ya sa bayan hannu ya share, ya matso don ya ƙara gani, sai idonsa ya sauka a bakin gilashin. Yatsan Klaudiya na nan inda ta ɗora shi. Ya ɗago hannu, ya kama ƙaramin yatsanta tsakanin yatsunsa biyu, kamun nan da ta sani tun tana yarinya, da ɗumin da kaushin duka. Ya ɗaga shi a hankali ya mayar bayan wayar.

"Yi haƙuri, baiwar Allah," ya ce, idonsa na kan Yael. "Kin tare mini yarinya."

Ta bar yatsan inda ya ajiye shi. Ta jira ta ji wani abu ya tsinke a cikinta, ba abin da ya tsinke. Bege ne ya tafi, ta kuma san ya tafi, shi ke nan. A bakin titi wani mai napep yana ta danna oda, ruwa na ɗiga daga kwano cikin bokiti.

Wayar ta yi ƙara, sunan Chuwang ya rufe hoton.

"Wa ya ɗauke ta?" in ji Baba, a firgice.

Klaudiya ta dubi sunan. A Abuja akwai ɗaki da mai kula, amma ba wanda ya san tsawon shirun da ake bar masa bayan zancen magani. Ta katse kiran, Yael ta dawo. Yarinyar ta ce masa ya sha magani, ya ce to ba gardama, ta ce tana hanya, bidiyon ya ƙare.

Baba Badung ya jingina da kujera, fuskarsa a sake kamar wanda ya sauke kaya. Ya juyo ya dubi Klaudiya sosai, da tausayi.

"Kina ta wahala da ni. Ke kina da uba kuwa?"

"Ina da shi, Baba."

"Yana raye?"

"Yana raye."

"To ki riƙa zuwa kina gaishe shi. Tsoho yana jiran 'yarsa, ko bai faɗa ba."

"To, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya nuna wayar da haɓa. Ta mayar da ita hannun dama, ta sa na hagun cikin aljihun rigar sanyinta, ta sake kunna masa daga farko.